Dandamalin da ya hana mu shiga gida

Da dandamalin ƙofar gidana a Dogo Nini ya farfashe, birkila ya ce inci uku ya isa. Na sallame shi, ni mai ƙarko nake so. Na kwaɓa kankare da kaina, na lafta inci shida, na kwashi iyali muka tafi Damagum don kada a taka.

Da muka dawo, ƙyauren ya ƙi buɗuwa. Ashe waje yake buɗewa!

Matata Falmata ta ce, "Alhaji, ta sama za mu shiga?"

Ta tsanin maƙwabci muka haura. Na sa mai walda ya rage ƙyauren, ban taɓa kankarena ba. Shekara uku ko tsagewa bai yi ba, amma kullum na doshi gida sai 'yan majalisar unguwarmu su ce, "Injiniya, a kawo tsani?"