Ƙasar da Ake Tafa wa Mai Sama

Balkissa tana da shekara tara ta fara jin sunan Ma'azu, a cikin wayar uwarta. Kawunta Abdulbaƙi ne ya bugo daga Kano zuwa Maradi, muryarsa tana fita har tsakar gida, yana gaya wa ƙanwarsa Hajjo cewa ɗansa ya zubar. Wasan ƙarshe ne na wata gasar matasa, masu neman 'yan ƙwallo daga ƙasar waje suna zaune a rumfa, fenariti na ƙarshe ya faɗo kan Ma'azu, ya ɗaga ƙwallo sama da raga har ta faɗa bayan katanga. Kawu kuwa tun da safe ya riga ya yanka rago ya gayyato unguwa. Haka aka ci naman nan shiru, kowa kansa a ƙasa. Daga ranar Ma'azu ya zama Mai Sama. Uban da kansa ya raɗa masa, ya kuma rasu bai janye ba.

Shekara goma sha shida ke nan. Yanzu Balkissa ta zo Guangzhou saro jakunkunan mata don shagon uwarta, kuma ta biyo ta Kano ta ɗauko saƙon Inna, mahaifiyar Ma'azu: shekararsa goma sha ɗaya bai taka gida ba, ya zo Babbar Sallah ko ya faɗi dalili. Ma'azu, da ke zaune can Caina yana aikin tura kayan 'yan kasuwa a kwantena, ya yi mata alkawarin kai ta Shiling, kasuwar jakunkuna, ranar Lahadi. Maimakon haka tasi ya sauke su a wani fili bayan ɗakunan ajiyar kaya, ya zaunar da ita a benci awa uku tana kallon wasan besbol, wanda mutum ɗaya ke jefo ƙwallo kamar lemo, ɗaya ya maka mata kulki ya ruga da gudu. Da aka tashi, sai ga shi ya nufo ta cikin matsattsen farin wando, 'yan Caina suna ta dukan bayansa, ƙwallon a hannunsa duk sun sa mata hannu da biro.

"Sannu da zama, baiwata. An ga aiki?"

"Sannu da gumi, ubangidan da bai san hanyar kasuwa ba. Nan ne Shiling ɗin?"

"Shiling ba ta gudu. Tashi ki karɓi jakar nan. Tun yaushe 'yar mace ke zaune ɗan namiji na ɗauke da kaya?"

"In na karɓa ta zama tawa, ka san ƙa'ida. Ko da yake mi ke ciki? Safa mai wari."

"Mi ke ciki. Shekara nawa ana koya muku Hausa a Maradi, har yau ba ku kai ƙarshen littafin ba."

"Mu muka ba ku aron ta kuka lalata. Dubi wandon da ke jikinka, da furfura a gemu. In Inna ta gan ka cewa za ta yi an yi maka fashi an bar ka da na ciki."

Ya zauna a ƙarshen bencin yana haki, yana juya ƙwallon a tafin hannu.

"Kin ma gane abin da kika gani kuwa? Zagaye na ƙarshe. Suna gabanmu da ci ɗaya. An riga an fitar da namu mutum biyu, in aka fitar da ni wasa ya ƙare, kofi ya tafi. Na kai duka sau biyu na sami iska. Saura ɗaya tak."

"Na gani. Sau biyu kana korar ƙuda."

"Na ukun fa?"

"Na uku ka yi abin da ka saba. Ka aika ta sama, bayan katanga. Ni har na rufe fuska don kunya, sai na ji ana tafi. Ashe ka yi shekara da shekaru kana yawo ne kana neman ƙasar da ake tafa wa Mai Sama."

Dariyar da ya yi gajera ce. Taubashiya ce, ba a fushi da ita, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiran wannan suna a gabansa ta tsira.

"Lawban, ogan ƙungiyarmu, ya ɗauki bidiyon, zai turo miki. In kin koma ki tara su duka a zauren gidanmu, har da masu cin ragon, ki nuna musu. Sannan wannan littafin naki, me kika rubuta a kaina?"

Tun da kakarsu ta rasu littafin gida yake hannun Balkissa. Haihuwa, aure, tafiya, mutuwa, duk ita ke rubutawa, ita ke karantawa in dangi sun taru.

"Layi biyu. An haife shi, ya zubar."

"Ƙara na uku. Ki rubuta cewa ranar da komai ya rataya a wuyansa, bai girgiza ba. Ki rubuta yana da zuciya. Ba kowa ke iya dukan ƙarshe ba, baiwa ce, ana haifar mutum da ita."

"To. Amma ka tsaya in tambaye ka, don mu 'yan Maradi kanmu a hankali yake aiki. Jiya da rana a gidan taliyar nan na Sanyuanli, wa ya hana ni cin abinci da lacca?"

"Ke kika hana kanki. Kin kasa riƙe tsinken cin abinci, sai da aka je maƙwabta aka aro miki cokali."

"Wa ya ce mini Lawban ɗinku mai tabarau ya nuna masa lissafi a waya? Wai masana sun bi dukan manyan 'yan wasa shekara da shekaru, sun ga wanda ya yi abin kirki a lokacin matsi bana, baɗi shi ne zai kunyata. Wai babu wani gwanin dukan ƙarshe, mai iyawa yana iyawa ne kawai, sauran sa'a ce. Har kana buga tebur kana cewa meyo, meyo, babu shi, babu shi. Ka ce in gaya wa dangi cewa abin da ya faru a Kano sa'a ce ta ƙi, ba zuciyarka ba."

"Na faɗa."

"Yau kuma baiwa ce."

"Yau kin gani da idonki."

"Kawu ma da idonsa ya gani."

Wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa ya cinye maganar da zai yi. Can gefe abokan wasansa suna tura kulake cikin jaka, ɗaya ya ɗaga masa babban yatsa. Ma'azu ya ɗaga masa hannu ba tare da ya kalle shi ba.

"Ka zaɓi ɗaya, ranka ya daɗe, biro na hannuna. In sa'a ce, na wanke ka daga Kano, amma wannan lemon da kake ta shafawa tsintuwa ce, ko ni aka ba kulkin zan iya dacewa. In kuma zuciya ce, na rubuta maka ta yau da manyan baƙaƙe, amma sai in rubuta a sama cewa Kawu ya yi gaskiya."

"Ke aka ba kulkin? Ke da kika shiga jirgin ƙasan nan jiya kika riƙe ƙarfe da hannu biyu kina salati har wata tsohuwa ta ba ki kujera?"

"Ta ga 'yar mutunci ce. Zaɓi."

"Ki rubuta waccan sa'a, wannan zuciya. Littafinki ne, wa zai bincike ki?"

"Haka kuke yi wa 'yan kasuwa a kwantena? Sama kaya masu kyau, ƙasa tsumma?"

"Ni kayana ba a taɓa dawo da su ba."

"Kai ma ba a taɓa dawo da kai ba."

Ta san ta wuce wuri tun kafin ta rufe baki. Wasan taubasai yana da faɗi, amma yana da gefe, kuma ta ji ƙafarta a kansa. Ma'azu bai ɗaure fuska ba. Ya cire hular wasan ya ɗora a gwiwa, gashin kansa ya fara ja da baya kamar na Kawu.

"Shekara bakwai nake wannan wasan," ya ce. "Kin san dalili? Ranar da na fara zuwa, na kai duka na sami iska sau uku, wasa ya lalace a hannuna. Na tsaya ina jiran sunan da za su raɗa mini. Sai Lawban ya miƙo mini ruwa ya ce ko manyan gwanaye, a duka goma bakwai faɗuwa suke yi. A nan mutum zai faɗi sau bakwai a kira shi gwani. Ni sau ɗaya na faɗi."

"Da rago a tukunya."

"Ni na ce ya yanka? Wa ke yanka rago kafin a busa usur? Kakar wasan nan ƙwallo ashirin da uku na ci, Balkissa. Ni na kai su wasan ƙarshen. Akwai wanda ya taɓa gaya miki?"

Babu ashirin da uku a littafin.

"To bari in gaya miki abin da ba zai shiga layinki ba. A Kano, da na ajiye ƙwallon na ja da baya, gwiwata rawa take yi. Na hango Baba a rumfa da sabuwar babbar riga, na ji kamar in nutse. Shekara goma sha shida ina cewa ƙarya ne, ban ji tsoro ba. Na ji."

"To ai ka zaɓa ke nan. Kawu..."

"Tsaya. Yau ma ta yi rawa. Gwiwar nan dai, rawar nan dai, har na ji kulkin zai zame daga hannuna. Ban ma ga ƙwallon sosai ba, na kai duka ne kawai. Mutum ɗaya ne, tsoro ɗaya ne. Waccan ta haye katanga aka ce ba ni da zuciya, wannan ta haye katanga an sa mini hannu da biro. Ke mai ilmin lakkwal, bokonku na Faransa, wanne za ki rubuta?"

"Zan rubuta cewa gwiwarka na bukatar man zafi."

"Ki sayo mini a Maradi. Na ji naku har raƙumi yake tayarwa."

"Shi ya sa zai yi maka daidai."

Filin ya kusa watsewa, wani ma'aikaci yana jan buhu yana share layukan farar ƙasa. Balkissa ta ga lokacin saƙon ya yi, don ba za ta sami wani ba.

"Inna ta ce Babbar Sallah. Ta ce in ba za ka zo ba, in kawo mata dalili da bakinka, ba na waya ba. Ga shi yau ka samu abin nunawa. Ka zo da bidiyonka ka nuna da kanka."

"In nuna wa wa? Mutum ɗaya nake so ya gani, shi kuma kun rufe shi shekara huɗu da suka wuce. Sauran za su kalla su ce kamar yadda kika ce, Mai Sama ya sake aikawa sama. Kuma in Sallah ta zo rago za a yanka a tsakar gidan nan, a ba ni wuƙa a ce ni ne babba."

"Rago dai ba shi ya buga fenaritin ba."

"Ba ki ji ƙamshin gidan ranar ba."

"Wannan ne dalilin da zan kai mata? Ƙamshin nama?"

"Ki ce mata kaya sun yi yawa bana. Ki ce baɗi."

"Bara ma baɗi ka ce. Na rubuta a gefen shafi."

"To ki ja layi a ƙarƙashi, ki huta da sabon rubutu."

Ta miƙa hannu, tafin a buɗe. Ya kalli hannun, ya kalli ƙwallon. Abin da taubashiya ta miƙa wa hannu ba a hana ta, ya san wannan tun kafin ya san besbol.

"Shekara bakwai nake jiran wannan lemon."

"Ai tsintuwa ce, in ji Lawban. Mi ne na baƙin ciki?"

Sai ya yi dariya, ta gaske wannan karon, har ya sunkuya yana tari. Ya ɗora mata ƙwallon a hannu ya naɗe yatsunta a kai.

"Kin ci, 'yar Maradi. Kai wa Inna. In ta tambaya zuciya ce ko sa'a, ki ce ɗanta ya ce bai sani ba. Tashi mu nemi mota, kafin masu jakunkunan su rufe ki ce ni na cuce ki."

Ya ɗauki jakar safarsa da kansa ya yi gaba, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Balkissa ta bi shi a baya, ƙwallon ta fi yadda ta zata nauyi. A jirgin da ya kawo ta, wata Bakanuwa ta tambaye ta wa za ta sauka wajensa, ta ce ɗan kawunta ne, wanda ya taɓa zubar da fenariti. Haka take gabatar da shi a kowane taro, haka ta buɗe shafinsa. Sai yanzu, a bakin titi suna jiran tasi, ta tuna watanni ukun da ya yi a gidansu na Maradi bayan abin ya faru, lokacin da Kano ta yi masa zafi. Ranar da zai tafi ya same ta a gindin kakarsu tana haddace sunayen dangi, ya durƙusa daidai tsawonta, ya ja mata kunne a hankali.

"Baiwata, na ga ke za ki riƙe labarin gidan nan. Abu ɗaya nake roƙo. In kin zo kan nawa, ki faɗi komai, kada ki rage. Amma kada ki fara daga ranar nan."