Yadda Za Ka Yi Allurar Rigakafi a Ɓoye Bayan Ka Gama Zaginta a Bainar Jama'a

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka zo inda za a share maka hawaye. Mun san halin da kake ciki. Tun da aka kulle gari saboda annoba kake ta zuba, ka rantse ka kuma rantsewa cewa allurar nan ba za ta taɓa jikinka ba sai dai in ɗaure ka aka yi. Yanzu ga shi an buɗe iyaka, an ce ba mai ƙetarewa sai da katin rigakafi, kai kuwa tafiya ta kama ka. Bi matakan nan dalla-dalla, muna ba ka tabbacin za a tsira maka allura, ka karɓi katinka, ka dawo gida da girmanka ko ƙwarzane babu. An gwada su a kan mutum mai rai, wani mai shagon aski da ake kira Farfesa, kuma har yanzu yana nan yana yawo da ƙafafunsa.

Mataki na 1: Ka tabbata ka yi suna

In ba wanda ya taɓa jin ka kana zagin allurar, tashi ka je ka bi layi kamar kowa, kada ka ɓata mana lokaci. Wannan darasi na manya ne.

Dubi Farfesa. Lokacin kulle, ƙofar shagonsa a rufe take ta gaba, a buɗe ta baya, masu ƙeya na sulalowa ɗaya-ɗaya kamar ɓarayin kaji. A nan ya buɗe makarantarsa. Yana wasa aska yana bayani. Wata rana ya ce ba wata annoba, mura ce ta samu ɗaurin gindi. Wata rana ya ce allurar an haɗa ta ne musamman don gashi ya daina tsirowa, a kashe wa masu aski kasuwa. Ba wanda ya taɓa musa masa, shi kuwa ya ɗauka ƙarfin hujja ne. Bai lura ba cewa mutumin da aka ɗora wa aska a maƙogwaro yakan yarda da duk abin da aka faɗa.

Mutum ɗaya ne ya yarda da shi har cikin zuciya, wato Mai Faci, maƙwabcin shagonsa. Kullum yana kan benci da baƙin mai a hannu, da Farfesa ya kai aya sai ya buga cinya ya ce, "Ƙwarai kuwa! Faɗa musu, Farfesa!" Kai ma ka nemi irinsa, yana da amfani, sai dai ranar da ba shi da shi.

Mataki na 2: Ka ɗauki wayar ƙanwarka

Kada ka ƙi ɗauka, za ta sake kira.

Mahaifin Farfesa yana zaune wurin ƙanwarsa a wancan ɓangaren na iyaka. Shi ya koya masa sana'ar, kuma tun da hannunsa ya fara rawa, Farfesa ke ɗaukar jakarsa lokaci-lokaci ya ƙetara ya yi masa aski. Da aka rufe iyaka, zuwan ya yanke.

"Yaya, Baba fa ya zama abin tsoro," in ji ƙanwar. "Gashi har kafaɗa, yara na ganinsa su ruga. Na kira masu aski har gida, ya kore su da sanda. Wai kansa yana da mai shi."

Farfesa ya yi dariya ya ce, "Ai kin san halin tsoho."

"Na sani. Amma ƙafafun nan sun kumbura, ko ƙofar gida ba ya iya fita yanzu. Abincin ma sai an yi da gaske. An buɗe hanya, Yaya. Kada ka ce ban gaya maka ba."

Farfesa ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon wayar bayan ta katse, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun farkon annobar.

Mataki na 3: Ka manta da katin bogi

Mun san ka yi tunaninsa. Farfesa ma ya yi, har ya fara tambaya a kaikaice. Sai ya tuna mai buga katin a shagonsa yake aski, kuma bakinsa ya fi na lasifika. Asirin da ka saya wurin mai sayar da asiri, ka sani akwai ragowarsa a kasuwa.

Mataki na 4: Ka yi nisa, ka ɓad da kama

Kada ka kuskura ka je ɗakin shan maganin unguwarku. Hau mota ka wuce kasuwa, ka wuce tasha, ka sauka inda ba wanda ya san ƙeyarka. Sa takunkumin nan da ka ce na masu tsoron iska ne. Ƙara da baƙin tabarau. Ja hula har gira.

A gida kuma ka shirya ƙarya mai ƙwari. Farfesa ya ce wa matarsa zai je sayen haƙoran kilifa, injin askinsa, wai na unguwar nan duk jabu ne. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Amma Maigida, ka canja riga, sa mai faɗin hannu. Wannan ba za ta naɗu ba in masu haƙoran kilifar sun ce ka naɗe."

Abin lura: mata sun san komai. Aikinka kawai ka yi kamar ba ka san sun sani ba.

Mataki na 5: A kan layi, ka kama bakinka

Wannan ne mataki mafi sauƙi a duniya, kuma a nan malaminmu ya fara zamewa. Ya tsaya shiru, kai a ƙasa, kamar mutumin kirki. Sai ƙaddara ta sa wanda ke gabansa ya cire hula don ya sha iska. Gyaran ƙeyar a karkace, gefe ɗaya ya haura, ɗayan ya gangara, ga wani tsibirin gashi an manta da shi bayan kunne. Farfesa ya kau da kai. Ya karanta sanarwar bango. Ya ƙirga fankoki. Ya sake dubawa, abin yana nan.

"Bawan Allah," ya ce da muryar nan tasa mai cika shago, "don girman Allah wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Nas ɗin da ke cikin ɗaki ta ɗago kai daga teburinta. 'Ya'yanta maza duk a shagonsa ake musu aski, kuma ta sha zama a bencinsa tana jiran su, tana sauraron darasi kan yadda ma'aikatan asibiti suka haɗa baki da masu annoba. Ta yi murmushi a bayan takunkuminta.

Mataki na 6: Ka miƙa hannun hagu

Ka karanta wannan kan maganar sau biyu. Hagu. In bahago ne kai, dama.

Da ya zauna, nas ta tambaye shi, "Malam, da wane hannu kake aiki?" Farfesa ya ga tarko ne, so ake a gano sana'arsa, don haka ya yi gum. Sannan ga tarbiyya: tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa miƙa wa mutum hagu ba, balle mace mai mutunci a bakin aikinta. Sai ya naɗe hannun riga ya miƙa dama cikin ladabi.

"Ka tabbata, Farfesa?" in ji ta a hankali.

Jin sunansa ya sa ransa ya yi tsalle ya dawo. Kafin ya gama neman amsa har ta goga auduga, ta tsira, ta zare, ta manna filasta.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan. Ka gaida mutanen benci. In gashin ya daina tsirowa ka dawo, za mu rubuta rahoto."

Ya fito da kati a aljihu da wani irin takaici. Abin da ya kwashe watanni yana yaƙa, ko cizon sauro ya fi shi zafi.

Mataki na 7: Washegari, ka rufe shago

Ka ce zazzaɓi ne, ka ce rasuwa aka yi, ka ce janareta ya lalace. Farfesa ya ƙi, wai rufe shago zai jawo zargi. Ya wayi gari damtsensa ya yi nauyi kamar an rataya masa bulo, amma ya buɗe, ya share, ya kunna kilifa.

Wanda ya fara zama a kujera Hedimasta ne, mutum mai ji da sumarsa, wanda ba a rage masa komai sai baki-baki. Farfesa ya yafa masa ƙyalle. Don kada a ga canji, ya buɗe darasi kamar kullum, har ma ya ƙara gishiri. Ya ɗaga hannu zuwa kunne, lafiya. Ya ɗaga zuwa tsakar ka, damtse ya ce bai san zancen ba. Kilifa ta nutse, ta buɗe titi mai faɗi daga goshi zuwa tsakiya.

Hedimasta bai gani ba tukuna, idonsa a lumshe. Mai Faci ma bai gani ba, hankalinsa na kan darasin, wanda a daidai lokacin ya kai inda Farfesa ke cewa shi da allura sai dai a lahira. Daɗi ya kwashe Mai Faci, ya miƙe ya ce, "Namiji!" ya kai masa dukan jinjina a damtse da tafin hannunsa mai ɗaga tayar babbar mota, daidai kan filastar.

Ihun da Farfesa ya yi, har mai shagon ƙarshen layi ya leƙo. Ya dafe wurin, hannun rigar mai faɗi ya zame sama, filasta ta bayyana fara fat.

Mataki na 8: In an kama ka, ka ce bincike kake yi

Wannan dabara ba ta taɓa faɗuwa ba. Ka ce ka sadaukar da jikinka ne don ka gano sirrinsu daga ciki.

Farfesa ya fara da kyau. "Wato jama'a, shi ilimi, dole wani ya..." Sai idonsa ya faɗa kan Mai Faci, ya ga fuskarsa, maganar ta mutu.

"Farfesa," in ji Mai Faci, murya ƙasa-ƙasa, "kamfanin motoci sun kira ni aiki, suka ce sai da kati, na ce su riƙe aikinsu. Matata ta shirya za ta je a yi mata allurar, na zauna a bakin ƙofa na hana ta fita. Duk a kan maganarka."

Kunya ta rufe Farfesa, ta gaske, ba irin ta an kama ka da filasta ba. Ya kashe kilifa ya ce, "Baba ne. Ba shi da lafiya, kuma ya ƙi kowa ya taɓa masa kai. Sauran maganganun kuwa, wallahi ban san komai a kai ba. Kuna saurare ne, ni kuma ina jin daɗin faɗa."

Hedimasta ya buɗe ido. "Ni ai na yi tawa tun zuwan farko," ya ce. "Ina so in gaya maka, to kullum akwai ƙarfe a wuyana." Sannan ya dubi madubi. Abin da ya faɗa bayan nan ba zai shiga darasin da yara za su iya karantawa ba. Ƙwal kwabo aka yi masa, kyauta.

Mai Faci dai bai yi dariya ba. Ya ce, "Gobe kai za ka kai mu, ni da ita. Ɗakin shan maganin unguwar nan za mu je, ba nesa ba. Kuma ba hula, ba tabarau." Haka aka yi. Farfesa ya tsaya a layi da fuskarsa, mutanen unguwa na wucewa suna gaishe shi da wata irin gaisuwa mai tsawo.

Mataki na 9: A bakin iyaka, kada ka jira tafi

Ka miƙa kati, ka karɓa, ka wuce. Jami'in da ya karɓi na Farfesa ko fuskarsa bai kalla ba, hamma ma yake yi. Farfesa ya ɗan tsaya ko za a tambaye shi yadda aka yi mutum kamarsa ya sauko, sai ya ji na bayansa na cewa, "Malam, matsa mana."

Mataki na 10: Ka tafi da askarka

Farfesa ya tarar da mahaifinsa a tsakar gida kan kujera, an jingina masa matashi. Farin gashi ya sauko ya haɗe da gemu, fuskar ta shige ciki, sai idanu. Farfesa ya durƙusa ya gaishe shi, ya shirya jin faɗa, ya ma tanadi bayani kan dokokin iyaka.

"Ka zo?" in ji Baba.

"Na zo, Baba."

"To a sa ruwan ɗumi."

Ya fara da almakashi, gashi na zuba a kan ƙyalle. Ya jiƙa kan, ya murza sabulu, ya ɗauko aska. Da ya dafa sai ya ji kan ya ƙanƙance a hannunsa, fatar ta saki, har sai ya ja ta da yatsu biyu kafin aska ta samu wurin bi. Kan da ya sani ne, kowane tudu da kowane tabo, amma kamar an rage shi. Tausayi ya cika shi, ya yi aikin shiru, abin da bai taɓa yi ba tunda ya buɗe shago.

"Kwantar da askar," in ji Baba. "Har yanzu kana tsayar da ita da yawa."

"To, Baba."

Da ya gama kan, ya goge, ya juyo zai kama gemu, sai tsohon ya ɗaga hannunsa mai rawa ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bar gemun sai gobe."

"Ai yanzu zan gama, Baba, ba zai ɗauki lokaci ba."

"Na ce sai gobe. Gashin baki kuma jibi." Ya lumshe ido. "Ina kake sauri?"

Farfesa ya naɗe askar. Ya ce wa ƙanwarsa ta shimfiɗa masa a ɗakin Baba, kuma ta aika wa mutanen benci cewa shago na rufe sai abin da hali ya yi.

Sanarwa

Masu wannan darasi ba su da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ciwon damtse naka ne. Kan Hedimasta, ku sasanta tsakaninku. In an daina kiran ka Farfesa, ko aka ci gaba da kira ana ƙunshe dariya, ba mu muka raɗa maka sunan ba. Alkawarin da muka yi na cewa girmanka zai dawo ba ƙwarzane, mun janye shi, dama don ka karanta muka faɗa. Wanda kuma ya tsaya lallaɓa girmansa har ya isa ya tarar babu kan da zai aske, kada ya neme mu, ba mu da mataki na goma sha ɗaya.