Ranar da Sa'adiyya Ta Kama Fartanya

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda kika bar ta. Ke kuma wa kika zo kashewa da fartanya da sassafen nan?"

Haka na jiyo su ta bayan darni, ina ɗaure akuyata. Malam Umara maƙwabcina ne a nan gefen Ungogo, kuma ɗan lambunsa na bayan gida shi kaɗai ya rage kore a layinmu, sauran duk bulo ya cinye. Bana yana gama shuka ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ciyawa ta taso ta rufe kuɓewar ruf. Babban ɗansa Abdulkabir ya ce tunda ba mai nomawa gara a sayar, har ya sa ranar Juma'a zai kawo dillalin filaye ya gani. Abin ya tsaya mini a rai, don na san in aka raba tsohon nan da lambunsa an gama da shi, ga shi ni bayana ya fi gwiwarsa lalacewa. Sai ga jikarsa Sa'adiyya, 'yar Abdulkabir ɗin da ke karatu a Bici, ta ci ɗamara da mayafi ta shigo.

"Ciyawarka na zo kashewa, angon ƙarya," in ji ta. "An ce mini kuraye sun fara haihuwa a ciki."

"Ke ɗin? Hannun da bai san komai ba sai shafa waya? Dubi yadda kika riƙe ta, sai ka ce muciya."

"Ai da muciyar ake ciyar da kai. Nuna mini inda zan fara, ko in fara da gemunka, shi ma ya isa nomewa."

Ya jawo kujerarsa gindin zogale yana ƙunƙuni. Ita kuwa ta ɗaga fartanya sama ta kafta wa ƙasa da iya ƙarfinta.

"Kai, kai, kai! Rijiya na ce ki haƙa mini? Sama-sama ake yi, amarya. Ki yanke ciyawar daga wuya, ki ja baya. Saiwar kuɓewa a kusa take, in kin zurfafa kin sare ta."

"To fartanyar taka ce ba haƙori, irin mai ita. Rabonta da wasawa tun kana da gashi a ka."

Nan kam ta yi gaskiya, shi ma ya sani. Ya miƙa hannu ta ba shi fartanyar, ya ɗauki dutse ya wasa bakin har ya yi fari. Ta karɓa ta gwada, sai ga ciyawa tana zubewa ba wuya. Ta fara tafiya kenan tana ɗan waƙe-waƙenta, tsohon ya dafe kai.

"Innalillahi! Ta kashe mini lalo!"

"Wanne? Wannan ba ciyawa ba ce?"

"Ciyawa? Miyar da ta yi miki waɗannan kumatun ce kike kira ciyawa?"

"To wa ya shuka shi a tsakiyar hanya?"

"Allah ne ya shuka, ni kuma na bari. Duba gindin ganyen, za ki ga ɗan gashin baki guda biyu. Duk mai shi ki kewaye shi."

"Au, mai gashin baki ne? Ashe ɗan'uwanka na kashe. Allah ya ba ka haƙuri, yaushe ne sadakar uku?"

"Za ki sani. Ranar da aka kai ki gidan miji da kaina zan je in ce a dawo da kayan mutane, ba ta san lalo ba."

"Wane gidan miji kuma, bayan kai ka tsare ƙofa ka ƙi mutuwa ka ƙi saki?"

Dariya ta kusa tona mini asiri a bayan darnin. Ta tattara abin da ta nome ta jibge a kan kunya, ya sake tare ta.

"Kada ki tara mini ita da ƙasa a gindi. Kaɗe saiwar, ki kifar da ita ta kalli rana. Harkiya ce fa. In kin bar mata ƙasa, yayyafi ɗaya za ta miƙe ta gaishe ki."

"Ta fi ka ladabi kenan."

Haka suka yi ta yi, yana nuni da sanda tana mayar masa da magana, har rana ta ɗaga. Kuɓewar da na ɗauka ta mutu sai ga ta layi-layi a tsaye, rabin lambun ya fito fes. Can na ga ta tsaya ta duba tafin hannunta, ta yi maza ta ɓoye a mayafi. Amma tsohon ya riga ya gani.

"Kawo hannun nan."

"Me za ka ba ni? Ragowar goron jiya?"

"Na ce kawo."

Ta miƙa. Bororo ya tashi a tafin, wani har ya fashe. Ya daɗe yana kallo.

"Ubanki ne ya aiko ki?"

"Bai ma san na zo ba. Na ji shi yana waya da dillalin. Na ce in ya zo ya tarar da kuɓewa a tsaye, ban ga bakin da zai ce ba mai nomawa ba."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Tsohon ya yagi gefen rawaninsa ya naɗe mata hannun a hankali.

"Na gode, Sa'adiyya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

"Amin, Kaka," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. Sai kuma ta leƙa fuskarsa. "Kai tsoho, kuka kake yi?"

"Ƙasa kika watsa mini a ido da wannan noman naki na kaji." Ya share da bayan hannu, ya fashe da dariya. "Shi kenan, na sallama, kin iya. Daga zogalen nan zuwa darni na ba ki, halak malak. Ke Asiya! Na san kina nan kin kasa kunne, ki zama shaida!"

"Na shaida, Malam!" na ce, kunya kamar in nutse.

"Yauwa. Ranar Juma'a sai ubanki ya nemi izini wajen 'yarsa."

"Rabi kawai? Kai dai marowaci ne."

"Ɗaya rabin ai ba ki nome shi ba tukuna."

Ta harare shi, ta gyara ɗaurin hannunta, ta ɗauki fartanya.