Rasuwar Gada, Wadda Aka Kashe a Ofishin Rajista

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Gada, abokiyar zamana ta shekara shida a ofishin rajistar ma'aikata. Ta rasu ranar Litinin da ƙarfe goma da kwata na safe. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya kashe ta yana hawa na biyu, ƙofa ta uku a hannun dama.

Ga waɗanda ba su yi mata farin sani ba, kwamfuta biyu ce a teburina. Ta hagu ke riƙe da fayilolin ma'aikata, ta dama ke magana da hedikwata. Wata manhaja ce ta haɗa su, kibod ɗaya da linzami ɗaya ke yi wa biyun aiki, kuma a cikin manhajar nan marigayiya take zaune. In na kwafi suna ko lamba a hagu, ita ke tsallakowa da shi in liƙa a dama. Shi ya sa na raɗa mata Gada.

Baiwar Allah ce marar surutu. Ban taɓa jin muryarta ba sai ƙas-ƙas ɗin maɓalli biyu. Lambar ma'aikaci mai alƙaluma goma sha huɗu za ta ɗauko ba ta zubar da ko ɗaya a hanya ba. Yabon da ake yi mini cewa hannuna ba ya kuskure, yau zan faɗi gaskiya, nata ne.

Ciwon ma ba a jikinta ya fara ba. Makon jiya mataimakin darakta ya tashi aika wa dukkan ma'aikata sanarwar taro, sai ya liƙa rahoton sirri na kwamitin ladabtarwa, sunan mutum tara da laifin kowa, ya danna aikawa bai karanta ba. Direbobi suka karanta, masu gadi suka karanta. Aka zauna bincike, aka dubi mai laifin aka ga kujerarsa da girma, sai aka juyo kan wadda ba ta da baki.

Jami'in tsaron kwamfuta aka turo, ɗan nan mai tulin katuna a wuya. Ya yi sallama ya ce, "Yaya, ɗan matsa in gyara miki saiti." Na tashi na ba shi kujerata, har ruwa na miƙa masa, ni wawiya. Ya cire alama ɗaya a wani ɗan akwati a cikin manhajar ya kulle da lambar sirri. Da na gane abin da ya faru na bi shi har bakin matakala, ya ce, "Tsaro ne, Yaya. Ki riƙa bugawa da hannu mana, ai ba wani abu ba ne." Allah ya isa tsakanina da ruwan nan.

Marigayiya ta bar linzami, wanda har yanzu yake tsallakawa daga wannan allo zuwa wancan hannu Rabbana. Ta bar kibod da maɓallanta biyu da suka koɗe. Ta bar wuyan hannuna na dama, ɗaure da bandeji. Ta kuma bar marayu ɗari uku da goma sha biyu, wato ma'aikatan da dole in shigar da bayanansu a shafin hedikwata kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a, domin jarrabawar ƙarin girma. Wanda bai shiga ba sai baɗi. Kowane mutum gurbi ashirin da uku ake cike masa a shafin. Jiya idona ya gaji na tura wani akawu jarrabawar injiniyoyi, ya zo ya tsaya a kaina yana faɗa kamar ni na yi kisan. Yanzu a guntayen takardu nake rubuta lambobin mutane, fanka na kwashe su zuwa baranda, kowa na tsinta. Wannan shi ne tsaron da aka samo mana.

Ana karɓar ta'aziyya a teburina, ban da daga hawa na biyu. Mataimakin darakta kada ya wahalar da kansa da rubuta saƙo, ba mu san abin da zai liƙo ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, ƙarfe goma sha biyu saura minti uku, a ofishin rajista. Kafin lokacin, ko hannuna zai cire, zan gama da mutum ɗari uku da goma sha ɗaya, don ba su ci mini komai ba. Fayil ɗaya zai rage, na jami'in tsaron kwamfuta, shi ma yana neman ƙarin girma bana. An keɓe masa kujerata domin ya jagoranci binnewa da yatsunsa, gurbi ashirin da uku, daga hagu zuwa dama. Ana roƙon jama'a su zo da wuri su tsaya a bayansa. In shafin ya rufe bai gama ba, kada kowa ya watse, a nan take za mu yi masa tasa ta'aziyyar.