Yawuna da Cikin Baban Asabe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa sa a farke cikin surukina ba, tun ma kafin ya zama surukin nawa. A shekarun saba'in ne, ina zaune a Samaru, ina koyon gwajin jini a wani asibiti. Farar rigar da aka ba ni, har kasuwar Sabon Gari nake shiga da ita don a ce mini likita (ban taɓa gyara wa kowa ba).

Ina neman Asabe, 'yar wani tela a unguwar PZ. Babanta bai cika sona ba, cewa yake bakina ba ya rufuwa. Ran nan da hantsi sai ga shi an kawo shi: yana tafe a keke akuya ta gitta masa, ya faɗi, kan keke ya dake shi a ciki. Likita ya hana shi ci da sha, ya ce a duba amilas a jininsa. Sinadari ne da fankiriyas ke fitarwa, wata 'yar tsoka da ke kwance bayan tumbi. In ta ji rauni, yakan yi yawa a jini.

Na ce yau Baba zai san wanda ke neman 'yarsa. Na amshe kwalbar jinin, na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kana hannuna." Ya dube ni kawai. A bakin ƙofa Asabe ta miƙo mini agwaluma, na fasa ina tsotsa, don ta ga ni ko a jikina.

Gwajin ba wuya. Ka zuba ruwan sitaci, ka ƙara ruwan jinin, ka ɗan jira, ka ɗiga aidin. In ya yi shuɗi, lafiya lau. In shuɗin ya ƙi fitowa, amilas ya cinye sitacin, akwai matsala. A lokacin kuwa da baki muke zuƙo komai ta siririn bututun gilashi, mu hura cikin kwalba. Ga bakina taf da yawu (wanda ya san tsamin agwaluma ya gane). Na zuƙa, na hura da ƙarfi, har da ɗan salo. Na ɗiga aidin, abu ya fito fari fat.

Ƙa'ida ita ce in jira ogana, Malam Bulus, ya duba. Ban jira ba. Na kwasa da gudu zuwa ɗakin majinyata, na sanar da murya sama cewa fankiriyas ta fashe. Maman Asabe ta kama salati. Likita ya matsa cikin Baba, ya ji shi da laushi, ya ɗaure fuska, ya ce a shirya tiyata amma oga ya sake gwajin. Nan da nan nas ta aske wa Baba ciki tas. Shi kuwa ya kira Asabe ya fara wasiyya, yana faɗin wanda za a bar wa keken ɗinki. Ni ina tsaye hannu a aljihu, kuma Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Malam Bulus ya yi nasa gwajin, ya fito shuɗi kamar an zuba bula. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ɗebo ruwan famfo ya ce, "Yi mana da wannan, daidai yadda ka yi ɗazu." Likita na tsaye, Asabe na leƙe ta taga. Na zuƙa, na hura, na ɗiga. Fari fat.

"To, likita," in ji oga, "sai a shirya wa famfo tiyata, shi ma ya faɗi a keke." Ya juyo gare ni. "Mene ne a bakinka?"

Na tofo ƙwallon agwaluma a hannu. Sai a lokacin na tuna cewa yawu ma cike yake da amilas. An koya mana tun darasin farko, ina can baya ina hira. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ni za a kai tiyatar.

Ni aka tura in gaya wa Baba. Ya ɗaga riga ya daɗe yana kallon cikinsa, sumul, sannan ya ce, "Wato saboda yawunka aka aske ni?" Na ce, "E, Baba." Ya dubi matarsa: "Ba na gaya miki bakin yaron nan ba ya rufuwa ba?" Washegari aka sallame shi, lafiyarsa ƙalau.

Asabe dai na aure ta, don Baba ya ce gara in kasance inda zai riƙa sa mini ido. Amma har ya bar duniya, in na zo gaisuwa sai ya rufe kofinsa da faifai, ya ja riga ya rufe ciki. Ni kuwa na koyi kame bakina a wurin aiki. A gida ne Asabe ta ce har yau gwajin bai yi shuɗi ba.