Albarkar da Kaka Herminiya Ta Riƙe

"A sa min albarka, Kaka."

"Ta ƙare. Ka dawo gobe."

A birnin Santiyago yaro ba ya zuwa gaban babba ko ya bar wurin sai ya roƙi albarka an amsa masa. Ita kuwa Herminiya yau ta ɗaure bakin jakarta tamau. Jikanta Yoandri, zakaran damben zamani na masu nauyi a duk gabashin Kuba, yana tsaye ya cika ƙofa, motar da za ta kai shi jirgin Meziko na jira a bakin layi. Ta san in ta amsa, tafiya zai yi, kuma ba ta da tabbacin sake ganinsa.

"Haba amaryata! Angon naki za ki yi wa rowa?"

"Wane ango? Ni na auri namiji. Ga shi can." Ta nuna hoton marigayi Anakleto a bango, da kofin ruwan da take sauya masa kowace safiya. "Shi ne zakara. Da kun haɗu, da tsintsiya za a kwashe haƙoranka."

"Wannan ɗan tsamurmurin? A zamaninsu duk wanda ya ƙoshi da rogo sai a ce mai nauyi ne."

"Ji mara kunya! Mutumin da ya naushi ɗan damben garin Kamaguwe aka ji ƙarar a Jamaika?"

"Bara a Haiti kika ce."

"Iska ce ta juya."

"Kaka, na fi shi tsawo, na fi shi sauri. Turmin farko zan kwantar da shi, in ɗauke masa mata."

"Kai da ke kuka in an ce allura? Yini yake yana saran rake, ya zo da yamma ya kayar da ƙato, ya wuce da ni rawa. Ku kuwa sai an yi muku tausa kamar jarirai."

Direba ya danna ham.  Ta dubi kafaɗun yaron, sak na mai hoton, sai kewar su biyun ta taso mata lokaci guda, wanda ya tafi da wanda zai tafi.

Yoandri ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya.

"To na yarda. Shi zai ci ni."

"Wa ya ce ka yarda? Tashi mu ci gaba!"

"Kaka, jirgi."

Ta miƙa hannu bayan hoton, ta zaro tsohon ƙyallen da Anakleto ke naɗe hannu da shi, ta cusa masa a aljihu. Ta tsoma yatsa a kofin ruwan ta shafa masa a goshi.

"Allah ya yi maka albarka, mummuna." Ta yi dariya, idonta ya cika da ƙwalla. "Kai za ka kayar da shi. Hagunsa ba ta da kirki, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

"Iye! A turmi na nawa?"

"Sai ka dawo in faɗa maka."