Yadda Ake Cinye Mintin Waya Ba a Bar wa Kamfani Ko Burbushi Ba

Kamfanin waya ya karɓi kuɗin minti guda a kan kalma uku. Na kira ƙanena Halvard, na ce, "Jirgi ya iso," na kashe. Da takardar biya ta zo, sai ga minti cur. Na hau jirgin ruwa har gari, wata yarinya a ofishinsu ta ce haka tsarin yake: minti in ka fara shi, ka saye shi duka. Tsawon raina ina sayar da kifi a tsibirin nan, ban taɓa ba mutum kan kifi na karɓi kuɗin kifi ba. Bi matakan nan. Na yi maka alkawari ko sakan ɗaya ba za su ƙara ci maka ba.

1. Nemi agogo mai hannun sakan

Kada ka yarda da na cikin wayar. Nasu ne. Ba a ba kura ajiyar nama. Ni na bangon kicin nake kallo.

2. Faɗi abin da ke tafe da kai, amma kada ka kashe

Maganar namiji ba ta wuce numfashi biyu. Sauran mintin naka ne, ka biya. Riƙe mutumin. Gaya masa daga ina iska ke busowa, ko da tagarsa na kallon taka. In magana ta ƙare, kara wayar a jikin butar kofi ya ji tafasa.

3. Kada ka zarce

Nan wawaye ke faɗuwa. Hannun agogo ya wuce sha biyu, ka sayi sabon minti, shi ma dole ka cinye shi. Faston garinmu ya tsaya sa mini albarka a waya, ya jefa ni minti na biyu. Na shiga lissafa masa jiragen da na yi aiki a cikinsu, tari ya sarƙe ni, muka faɗa na uku. Yanzu in ya hango ni sai ya tsallaka titi.

4. Nemi wanda ba ya kashe waya

In wancan ya kashe, kamfani ya ci. Halvard ya ce gara ya riƙa ba ni kurona ɗaya, kuɗin ƙasarmu, da ya ƙara jin butata. Na ce masa ni ba maroƙi ba ne. Mutum ɗaya ta rage mini: Borghild, matar marigayi Sverre abokin kamun kifina, wadda nake sayen ƙwai a wurinta. Ita saƙarta take yi tana cewa to, to. Ban da ita ba na buƙatar kowa. Shekarata saba'in da biyu, ban taɓa aure ba, a tsaye nake cin kifina daga kasko, takalmina kuma duk inda na cire shi nan nake tarar da shi.

5. Tanadi magana kafin ka kira

Wannan ya fi duka. Ran Talata na kira ta a kan ƙwai. Na gama maganar iska, na gama ta tsadar mai, buta babu ruwa. Na ɗaga kai, hannun agogo yana kan tara, kaina wayam. Kamfani na gab da cin nasara. Sai bakina ya ce, "Borghild, za ki aure ni?"

"To," in ji ta. "Dama jira nake ka gama da iska."

Hannu ya hau sha biyu daidai, na kashe. Ko burbushi ba su samu ba.

6. Doguwar magana da ƙafa ake kai ta

Washegari ta zo ta auna tagogina, ta ce labule za ta ɗinka. Ta kwashe takalmina ta kai zaure. Halvard ya kira da kuɗinsa, ya yi dariya minti huɗu, ya kashe. Warware maganar aure ta fi ƙarfin minti guda, don haka na sa hula na taka zuwa gidanta.

Kafin na faɗi yadda muka yi, saurara. Duk abin da ya same ka a kan matakan nan, ba ruwana. Ban san ka ba, ban aike ka ba. Kada ka kira ni. In ka kira, ka cika mintinka.

Na same ta tana yanka cuku. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ce maganar jiya cikon minti ce, ta mayar mini da abata. Ta zuba mini kofi, ta tura kujera da ƙafa, ta ce ba a ci a tsaye a gidanta. Na zauna.

"Kai tsoho," ta ce, "magana in ka fara ta, ka saye ta duka. Ba zan mayar ba."